Yadda tsohuwar mangazarmu ta koma ɗakin wanki

Ni dai ba gayu ne ya kai ni ga zancen ɗakin wanki ba, ciwon baya ne. Gidanmu mu 8 ne har da Hajiya uwar maigida, duk Asabar daga an sallame asuba nake durƙushe gaban baho a tsakar gida sai wajen azahar, kayan lakkol ɗin yara, kayan aikin babansu, zannuwan gado, lalle abin ba ya ƙarewa. Da kwasar adashe ta zo kaina sai na rufe ido na sayi mashin ɗin wanki mai baki biyu, irin wanda ake zuba wa ruwa da so, wato bokiti, gefe ɗaya wanki gefe ɗaya matsa. Na ce alhamdulillahi na huta. Ina! Mashin ba shi da mazauni, a barandar ɗakina yake kwana an lulluɓe shi da tsohon zane, ranar wanki sai mun kinkimo shi ni da babbar 'yata mu kai bakin pampo, a jawo ralanj tun daga falo, waya na kwance cikin ruwan kumfa, omo na kan taga, sabulu na kan turmi, har akuyar Hajiya ta taɓa cinye mini rabin sabulu ina kallo. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗan fizge ni a hannu ina cire kaya, ƙafata babu takalmi, ranar na ce wa maigida ko a ba mashin ɗin nan ɗaki ko in sayar da shi.

Ɗakin da ake da shi ɗaya ne, wata 'yar mangaza a kusurwar gida wadda aka cika da tarkace, tsofaffin tayoyin moto, buhunan da babu komai ciki, gadon ƙarfe da ya karye tun ban haifi auta ba. Kwana 2 muka yi muna fitar da kaya, kunama 3 muka kashe. Da ta zama wayam na aro mitar tela na auna, tsawo mita 2, faɗi mita 1 da santimita 60. Maigida ya leƙo ya ce, maman yara, nan ko tabarmar salla da ƙyar za ta shiga. Na ce Malam ka bar ni da ita tukuna.

Kuskurena na farko, kuma na kusa zarcewa da shi, shi ne na fara da kallon hotunan ɗakunan wanki a waya, waɗannan masu farin kabad daga sama har ƙasa, mashin biyu ɗaya kan ɗaya, kwanduna a jere kamar kanti. Duka an yi su ne don inda ruwa ke cikin tuyo dare da rana. Mu nan Damagaram ai kowa ya san labarin, gari ne a kan dutse, ka haƙa ka haƙa dutse za ka tarar, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, kuma ba yau aka fara ba tunda ko Turawan Faransa da suka ɗauke hedikwatar mulki daga nan suka kai Yamai a 1926, ƙarancin ruwa na cikin dalilansu. A unguwarmu in zafi ya kama, Afrilu da Mayu, pampo sai tsakar dare yake tari, wani lokaci ƙarfe 2 wani lokaci 3, wani lokaci ya yi kwanaki bai ce uffan ba sai dai a tare ɗan garuwa. Saboda haka ma tun farko ban sayi otomatik ba, shi sai ruwa mai ƙarfi a tuyo yake so, kuma in kuran ya tafi ana tsakiyar wanki ya riƙe maka kaya a ciki. Mai baki biyu kuwa ko kuran ya tafi ka buɗe ka kwashe kayanka ka ƙarasa da hannu. To sai na ajiye wayar, na tambayi kaina abu uku kawai: ruwa ta ina zai shigo, sau nawa zan more shi, ta ina zai fita. Sauran duk suka biyo baya.

Allin aji na ɗauko na zana komai a ƙasa kafin in kira kowa. Mashin ɗina faɗinsa santimita 78, zurfinsa 45, na zana shi jikin bangon da ke kallon titi don hanyar fitar ruwa ta yi gajarta. Tano, wato babban duron ajiye ruwa, na zana a kusurwa kusa da shi. Sai na tsaya a filin da ya rage na yi kamar ina ɗaga so, na yi kamar ina juyawa da baho a hannu, yara na ta dariya wai Mama ta fara wasan kwaikwayo, amma a nan na gane ƙofar ita ce babbar ɓarauniyar fili, ciki take buɗewa, in ta buɗe ta cinye kusan rabin inda zan tsaya. Mai sudir ya zo ya juya ta ta koma buɗewa waje, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Faɗinta 70 ne, mashin ba zai shiga ta gaba ba sai a kaikaice, na gode Allah na auna tun kafin a yi dakali.

Yanzu ga inda aka sha daru, daɓen ƙasa. Maso ɗin da muka kira dattijo ne, shi ya gina rabin gidajen layinmu, ba a faɗa masa aiki. Na ce Baba, so nake ƙasan nan ya gangara zuwa waccan kusurwar ta wajen titi, kowace mita a sauke santimita 2, ruwa ko ɗigo ne ya san hanyarsa. Ya ce 'yata, tun ba a haife ki ba nake zuba siminti, pant a idona yake. Na yi shiru, me zan ce. Ya yi daɓe sumul, kyakkyawa, har da 'yar ƙawa a bakin ƙofa. Bayan kwana 3 da ya sha iska na ɗebo so guda na sheƙa a tsakiyar ɗaki, ina tsaye ina kallo ruwan nan ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya miƙe salin alin ya nufi ɗaya kusurwar, wadda ke jingine da ɗakin Hajiya. Ɗakin Hajiya kuwa ginin ƙasa ne, tun na marigayi, shafen siminti kawai aka yi masa. Duk wanda ya ga daminar 2024 a garin nan, wadda har tsohon masallacin Birni ya zube a farkon Satumba, ba sai an yi masa bayanin abin da ruwa ke yi wa gindin bangon ƙasa ba. Damina ma wata 3 ce ko 4, wannan kuwa duk sati zan riƙa jiƙa shi.

Ban iya tunkarar Baba ni kaɗai ba, maigida na tura ya ɗauko shi da yamma, aka shimfiɗa masa tabarma aka kawo ruwan sanyi, aka gaisa aka tambayi iyali, sannan na ce Baba don Allah zo ka gani, ko ni ce ban iya zubawa ba. Na miƙa masa so ɗin. Da hannunsa ya zuba. Ya bi ruwan da ido har kusurwa, ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce to, gobe a sayo buhu ɗaya. Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai karɓi kuɗin aiki na biyun ba, mu dai muka yi asarar siminti da yashi. A karo na biyu da igiya da nibo ya zo, ya kuma ɗaga shafen siminti mai santsi a jikin bango har tsayin mita 1 zagaye, ta wajen Hajiya ya ninka. Na so sa karo, wato tayil, a ƙasa, na fasa, karo da ruwan omo santsi ne da zai iya karya mutum, kuma kuɗinsa ya tafi wajen tano.

Dakali biyu ya yi mini. Na mashin gajere ne, santimita 20, saboda irin wannan mashin ba shi da pampon tura ruwa, ruwan da kansa yake gangarowa ta tuyo, in bakin tuyon bai yi ƙasa da gindin mashin ba sai ruwa ya kwanta a ciki ya yi wari. Na sa ya yi wa dakalin ɗan leɓe a gefe, don na san halin abina, in ana matsa kuma kaya suka taru gefe guda sai ya kama rawa yana tafiya, a tsakar gida ma ya sha yin tattaki. Dakalin tano shi ne dogo, kusan mita 1, bulo cike da kankare a sama, don tano mai lita 200 in ya cika kilo 200 ne ban da nauyin kansa, ba abin ɗorawa kan tebur ba ne. Plombiye ya huda shi ta ƙasa ya sa robine da guntun tuyo mai laushi wanda ke kaiwa har bakin mashin, ya kuma jawo layi daga pampon tsakar gida zuwa saman tanon ya sa masa flotar irin ta bayi, in ya cika ta rufe da kanta. Wannan 'yar flotar ita ce abin da na fi yi wa addu'a a duk aikin, don da can ni ke tashi ƙarfe 2 na dare in tsaya gadin bido ina gyangyaɗi. Ranar da pampo ya yi yaji kuma ɗan garuwa ya juye bido 8 masu lita 25, tano ya cika. Murfi kullum a rufe, saboda sauro da ƙura, da kuma auta mai son leƙe-leƙe. Ƙarƙashin dakalin an bar shi rami, nan baho da so suke shiga.

Fitar ruwa kuma hanya biyu na yi mata, kuma wannan dabarar ba tawa ba ce, ta Hajiya ce ba tare da ta sani ba, don tun ina amarya nake ganin ba ta taɓa zubar da ruwan ɗauraya, da shi take fara wankin gaba. Ruwan farko mai datti da kumfa yana bin tuyon PVC mai faɗin milimita 50 ya ratsa bango ya faɗa gologo, gologon ma sai da muka sake haƙa shi muka cika da duwatsu muka rufe, don ba na son ruwana ya kwanta a layi maƙwabta su riƙa tsallake suna tsaki. Bakin ramin na sa masa 'yar raga tana tare zare da gashi, ga kuma abubuwan aljihu, ƙwallon dabino, murfin bik, dala biyar, har goro. Ruwan ɗauraya kuwa ba ya zuwa gologo, sai in ɗage tuyon mashin in sa cikin wani rabin bido babba da na yanke na ajiye a ƙasa gefen dakali. Da farare nake farawa, rigunan lakkol da na sallar Juma'a, ruwan ɗaurayarsu kusan tas yake fitowa, shi nake mayarwa mashin in ƙara omo kaɗan in wanke atamfofi da kayan gida, ɗaurayar waɗannan kuma ta wanke wandunan yaran nan maza da suke dawowa daga ƙwallo kamar an tono su, na ƙarshe a kai bayi ko a yayyafa tsakar gida kafin shara. Da can wankin Asabar bido 10 yake ci mini har 12, yanzu 6 ko 7, ni na ƙirga da kaina sati bayan sati tunda ni ke biyan garuwa. Wani abin da na koya a hanya, omo in ya yi yawa ba fari yake ƙarawa ba, ɗauraya yake ƙarawa, kuma in an matse kaya a mashin kafin a ɗauraye, ruwa ɗaya ya kan isa inda da sai biyu.

Kuran ban yi wasa da shi ba tunda na ɗanɗana. Mai gyaran ya so ya sa priz a ƙasa kamar na ɗakin kwana na ce a'a, sama, santimita 130, nesa da robine, mai murfi. Ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa bayan ɗakin ya haɗa waya ta uku wadda yake kira tar, ya ce in waya ta zube a cikin mashin nan wutar za ta bi ba jikina ba, ya kuma sa wa ɗakin disjonktar nasa shi kaɗai, mai yanke wuta in an samu matsala. Mashin ɗin ba ya cin wuta sosai, wat 400 ne aka rubuta a bayansa, dutsen guga ne mugu, nawa 1200 ne, shi ya sa ba na haɗa su lokaci guda. Dutsen gawayi ma yana nan ban yar ba, wanda ya zauna a garin nan lokacin takunkumin 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya ba zai yar da dutsen gawayi ba. Amma shi a waje nake hura shi, ba a kai gawayi cikin ɗaki mai mita 2.

Sai kanta. Nan ma na tafka wauta, na sa kafinta ya kafa katako daidai saman mashin don in riƙa miƙa hannu in ɗauko omo, muka kafa muka yi murna, na zo buɗe murfin wajen matsa sai ƙwas, ya daki katako, rabi kawai yake buɗewa. Na auna faɗi na auna zurfi na manta murfi sama yake tashi. Aka cire aka ɗaga, ramukan farko suna nan har yau suna kallona. Yanzu kanta biyu ne a bangon hagu, marasa zurfi, santimita 20, don mai zurfi kai yake bugewa kuma abin da ya shige baya an manta da shi ke nan. Na ƙasa omo cikin bokitin fenti mai murfi don leda in ta sha danshi dunƙulewa take, sabulu, bula, buroshi, 'yan maƙalai cikin gwangwanin madara. Na sama can inda sai na yi ɗage, jabel, ruwan nan mai faranta kaya. Jabel kam na ja wa kowa kunne, ba a haɗa shi da ruwan wankin bayi mai asid, hayaƙin da suke tayarwa yana iya kwantar da mutum, balle a ɗan ɗaki irin wannan. Don haka ma na sa aka fasa 'yar taga sama ta wajen titi aka sa raga, da can ɗakin ko hudar iska babu, ga rufin kwano, da rana kamar tanda.

Kwandunan kaya masu datti babu inda za su zauna a ƙasa, sai na je kasuwar Dole ranar Alhamis na sayo buhuna 3 na saƙa masu launi daban, tela ya sa musu hannu, na rataye su a ƙusoshi bayan ƙofa, na farare, na masu launi, na masu dattin gaske. Yara sun koya cikin sati guda. Babansu har yau a kan ƙofar ɗaki yake rataye riga, na gaji da magana. Teburin guga kuma katako ne guda da aka kafa da pata a bango, in an gama a sauke shi ya kwanta jikin bango, ƙafarsa ɗaya ce mai naɗewa, na shimfiɗa masa tsohon bargo da farin zane. Shadda ba ta hawa kansa, ba ta ma shiga mashin, da hannu nake wanke ta a ruwan sanyi sannan a kai wa masu bugu, duk wanda ya jefa shadda mai tsada a mashin ya ga yadda ƙyallinta ke tafiya ba zai sake ba.

Shanya ba a cikin ɗakin take ba, ba fili, kuma wa zai ɓoye kaya daga ranar Damagaram wadda a watan Afrilu kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Matsalarmu biyu ce, rana mai cin launi da ƙurar hunturu. Akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga, faɗinsa bai fi mita 1 ba, nan na sa aka kafa ƙugiyoyi aka ja waya 4 masu rufin roba, na ɗaura tsohuwar tabarmar roba ta gefen gabas inda iskar ke bugowa. Atamfa a juye nake shanya ta, farare su kaɗai ke fita rana. Da hunturu kuma da sun bushe ake kwashewa, in aka bar farar riga ta wuni sai ta koma kalar ƙasa a sake sabon aiki. Waya ɗaya kawai na ja a cikin ɗakin can sama, ta ƙananan kayan da ba a shanyawa a idon surukai.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne zafi, daga ƙarfe 11 ba a iya tsayuwa a ciki, ina tara kuɗin silin ko da na tabarma ne. Kuma gologon da damina yana cika da wuri, sai na rage wanki ko in kwashe da so.

Hajiya kuwa ta ce ita mashin ba zai taɓa zanenta ba, wai yana cin kaya, da hannunta za ta ci gaba. Ban ja da ita ba. Amma ran nan na dawo daga aiki na tarar ta jawo 'yar kujerarta har cikin ɗakin, ta zaro baho daga ƙarƙashin dakali, ta buɗe robinen tano tana wanke mayafinta a zaune, ruwan na gangarawa kusurwar titi abinsa. Na ce sannu da aiki Hajiya, a kawo omo? Ta ce a'a, sabulunta na nan. Sai ta nuna ramukan nan biyu na tsohuwar kanta da haɓa ta ce, waɗannan kuma na mene ne, na ce na ado ne Hajiya, ta ce to a toshe su kafin kunama ta samu ɗaki.